Yadda magidanci a Tawa zai rage hayaƙin da gidansa ke fitarwa

Duk gidan da ake hura wuta a cikinsa, ake kunna fitila, ake hawa moto zuwa kasuwa, yana da nasa rabo a cikin hayaƙin da ke taruwa a sararin samaniya yana ɗumama duniya. Babba a cikin wannan hayaƙi ita ce iskar kabon, wadda ke fita duk lokacin da aka ƙona itace, gawayi, gaz, esans ko gazwal, sai kuma iskar mitan da ke tashi daga ruɓaɓɓiyar shara, da tumbin dabbobi masu tuƙa, da gonakin shinkafa da ruwa ke kwanciya a cikinsu. Waɗannan iskoki suna lulluɓe duniya kamar bargo, zafin rana ya shigo, amma wani sashensa ya kasa komawa. Kafin zamanin masana'antu yawan kabon a cikin iska bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba, yau kuwa ya haura 420. Wannan ne ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Paris a shekarar 2015, suka amince su riƙe ƙaruwar zafin duniya ƙasa da digiri 2, tare da ƙoƙarin tsayar da ita a digiri 1.5.

Ba mutanen Adar, wato yankin Tawa, ne suka jawo wannan matsala ba, kuma bai kamata a ɗora musu laifinta ba. Idan aka duba hayaƙin man fetur da gaz da kwal kaɗai, abin da ɗan Nijar ke fitarwa a shekara yana wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda, alhali ɗan Amurka yana fitar da kimanin tan 14, nahiyar Afirka baki ɗaya kuwa ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Duk da haka mu ne a sahun gaba wajen ɗanɗana kuɗar abin: zafin watan Afrilu da Mayu yana ƙara tsanani, damina tana zuwa a hargitse, ambaliyar 2024 kuma ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya. Dalilin da ya sa nake ganin wajibi ne magidanci ya shiga wannan aiki shi ne, a wurinmu abin da ke rage hayaƙi shi ne kuma ke rage kashe kuɗi, ya kare ƙirjin mai girki, ya bar itatuwa tsaye a dajin da ke tare mana iska da rairayi. Shawarwarin da aka tsara domin mutanen Turai, irin su rage hawa jirgin sama ko sayen mota mai aiki da lantarki, ba su da wurin zama a yawancin gidajenmu. Namu hayaƙin daga madafa yake tashi.

Kafin a taɓa komai, a samu littafi a rubuta abin da gida ke ci a wata guda: nauyin itace da gawayin da aka saya, yawan butel ɗin gaz, litar man da aka zuba wa moto ko gurup (injin ba da wuta), da kilowat ɗin da ke kan takardar kuɗin wuta. Lissafin ba shi da wuya. Kilo ɗaya na busasshen itace yana sakin kabon kimanin kilo 1.7, kilo ɗaya na gaz yana sakin kimanin kilo 3, litar esans kilo 2.3, litar gazwal kuwa kilo 2.7. A ce gida yana ƙona itace kilo 6 a yini, wato kilo 180 a wata. Hayaƙinsa ya kai wajen kilo 300. A ce kuma moton maigida tana shan lita 20 a wata. Nata hayaƙin kilo 46 ne kawai. Gaskiya ne cewa itacen da ya sake tohowa yana zuƙe kabon ɗin da aka saki lokacin ƙona ɗan'uwansa, amma inda ake sara fiye da yadda daji ke tsirowa, kamar yadda ake gani a kewayen manyan garuruwanmu, wannan ramuwa ba ta cika.

Murhu da abin da ake ɗora masa

Murhun duwatsu uku da aka kafa a tsakar gida, inda iska ke kaɗawa ta kowace kusurwa, ba ya kai wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen da aka cusa masa. Sauran yana bin iska. Saboda haka mataki na farko shi ne a killace wutar. Tun cikin shekarun 1980 aka yaɗa murhu iri biyu a Nijar domin wannan buƙata: na ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙera ke ƙerawa, da na laka da ake kira Albarka, wanda uwargida za ta iya ginawa da hannunta. Idan an yi amfani da su yadda ya kamata, sukan rage cin itace da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku.

Sirrin duka biyun ɗaya ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskure: dole murhu ya dace da girman tukunya. Mai zuwa saye ya tafi da tukunyar da aka fi girki da ita, ya zaunar da ita a ciki, ya tabbatar ta nutse har kusa da kunnuwanta, kuma ratar da ke tsakaninta da bangon murhun ba ta wuce faɗin yatsa ba. Idan ratar ta yi faɗi zafi zai tsere ta nan, idan ta matse kuma wuta za ta shaƙe ta yi ta hayaƙi. Ƙaramar tukunya a babban murhu asara ce, shi ya sa gidan da ke girki da tukunyar tuwo da ta miya yake buƙatar murhu biyu, kowace da nata.

Mai son gina na laka sai ya samu jar laka mai danƙo, ko ta suri idan akwai, ya haɗa ta da kashin jaki ko na shanu da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ya kwaɓa da ruwa, ya rufe ya bar ta ta kwana biyu zuwa uku tana tsima, yana sake tattaka ta kowace safiya. Ranar gini a daidaita ƙasa, a kafa duwatsu uku masu tsawo ɗaya, a ɗora tukunyar a kansu, sannan a ɗaga bango mai kaurin tafin hannu a kewaye, ana juya tukunyar lokaci lokaci domin kada ta manne. A yanke ƙofa guda ɗaya ta sa itace, wadda ba ta wuce ta ɗauki ƙirare biyu ko uku ba, a fuskantar da ita inda iska ta saba fitowa. A bar shi ya bushe a inuwa na tsawon mako guda kafin a hura wuta, domin idan rana ta busar da shi da gaggawa tsagewa zai yi. Duk tsagar da ta fito daga baya a liƙe ta da ragowar laka, a kuma rufe shi da tsohon kwano idan hadari ya taso.

Murhu mai kyau ba ya wadatarwa idan hannun da ke girki bai canja ba. Ɗanyen itace yana ɓarnatar da zafinsa wajen ƙone ruwan da ke jikinsa, saboda haka a faskara shi ƙanana a shanya tun kafin damina. A yanka albasa, a daka kayan miya, a tankaɗe gari, a ajiye ruwa kusa kafin a kunna ashana, don kada wuta ta yi ta ci a banza ana neman turmi. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun da dare, da safe a zubar da ruwan, zai nuna cikin ɗan lokaci ba tare da an cika masa kanwa ba. Da zarar ruwa ya tafasa a zare ƙirare a bar ɗaya ko biyu, domin ruwan da ke tafasa ba ya wuce digiri 100 komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa, ƙarin itace tururi kawai yake ƙarawa. Idan an sauke girki a kashe ragowar da rairayi, a adana garwashin don dafa shayi.

Akwai wata dabara da ta cancanci a gwada ta a kowane gida, wato ƙarasa girki a cikin kwando. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsummoki, auduga ko busasshiyar ciyawa mai kauri a ƙasa da gefe, a ɗinka matashi wanda zai rufe bakinsa ruf. Idan shinkafa ta tafasa na minti biyar, ko jiƙaƙƙen wake ya tafasa na minti ashirin, a sauke tukunyar da murfinta ba tare da an buɗe ba, a zaunar da ita a cikin kwandon, a danne da matashin. Shinkafa za ta ƙarasa nuna cikin abin da bai kai awa guda ba, wake kuma cikin awa biyu zuwa uku, babu ƙauri, babu ƙanzo, babu mai zaman gadi. Sharaɗi ɗaya ne: tukunyar ta kasance kusan cike, kuma idan abincin ya daɗe har ya huce a sake tafasa shi kafin a ci, musamman mai nama.

Gawayi yana ruɗar mutane saboda ba ya hayaƙi a gaban ido. Hayaƙinsa ya riga ya tashi a daji, inda masu turara shi a rami suke ƙona itace kilo 5 zuwa 10 kafin su samu gawayi kilo ɗaya. Samarin da ke kwana suna dafa shayi a fada su san cewa kowace leda ta gawayi reshe ne babba da aka sare. Shi kuwa gawayin ƙasa, wato kwal da ake haƙowa a yankin Cirozerin ana sarrafa shi domin girki, yana da hujja mai ƙarfi ta fuskar ceton itatuwa, amma ta fuskar ɗumamar yanayi babu makamashin da ake haƙowa daga ƙasa da ya kai kwal nauyin kabon, kuma kabon ne da ya daɗe binne a ƙasa, babu wani tsiro da zai maye gurbinsa. A ganina, gidan da ke da halin sayen gaz kada ya tsaya a kan kwal.

Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen shekarar 2011, gaz ɗin girki ya zama abin da ake samarwa a cikin ƙasa. Gaz ma daga man fetur yake, amma fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya, shi ya sa gidan da ya dafa abincin wata guda da butel biyu masu kilo 6 bai saki fiye da kilo 36 na kabon ba. Ga kuma batun lafiya, wanda ni a wurina ya fi komai nauyi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su ne suka fi shaƙarsa.

Koke biyu ake yawan ji game da gaz. Na farko, mata suna cewa ba a iya tuƙa tuwo a kansa, tukunya sai ta yi ta rawa. Maganin wannan yana wurin masu walda, waɗanda ke ƙera mazauni na ƙarfe mai faɗin ƙafafu da zoben da ke riƙe gindin tukunya. Na biyu shi ne tsoron gobara, kuma tsoro ne mai dalili. A ajiye butel a tsaye, a inuwa, a wurin da iska ke shiga. A shafa ruwan sabulu a bakinsa da mahaɗar tiyo, idan kumfa ya taso to yana yoyo. Kada a taɓa neman yoyo da ashana. A rufe shi daga kansa bayan kowane girki. A canja tiyon da ya fara tsattsagewa. Ba lallai ne a bar itace rana ɗaya ba. Gidaje da yawa sun fi samun sauƙi idan suka mayar da shayi, koko, ɗumame da miya kan gaz, suka bar babbar tukunya da girkin suna ko na biki a kan murhun laka. Nauyin sayen butel na farko a kan maigida yake, kuma ya kamata ya lissafa abin da yake bayarwa na itace kullum ya tara shi wata uku ya gani. Inda kuɗin bai samu a dunƙule ba, adashin mata ya sha raba butel gida gida.

Zafin ɗaki da wutar lantarki

Wani kaso babba na wutar da ake sha a nan daga Najeriya yake zuwa, wani kuma daga injuna masu shan gazwal, sai abin da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a shekarar 2018, take ƙarawa. Yawancin wutar da gida ke ci a lokacin bazara wajen yaƙi da zafi take tafiya, don haka gyaran ɗakin kansa ya riga sayen na'ura. Rufin tol da ba shi da sili yana zubo zafi kai tsaye a kan masu ɗaki. A yi masa sili, ko da na tabarma ko zana ne, a bar rata tsakaninsu da ƴan kafofi da zafi zai fita, a kuma shafa wa bayan tol ɗin farin fenti. Bangon yamma, wanda ranar la'asar ke duka, a kafa masa rumfa. A buɗe tagogi masu fuskantar juna da dare, a rufe su da hantsi kafin iska ta yi zafi.

Wanda bai riga ya yi gini ba yana da babbar dama. Siminti shi kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na kabon ɗin da duniya ke fitarwa, domin ban da makamashin da tanderunsa ke ci, dutsen farar ƙasa da ake gasawa shi ma yana sakin kabon. Katangar laka mai kauri tana riƙe sanyin dare har tsakar rana, abin da bulon siminti ba ya yi. Mai ganin laka ginin talauci ce ya je ƙauyen Yama da ke jihar Tawa ya ga masallacin Juma'a da magini Falke Barmu ya fara ginawa a shekarar 1962, wanda ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Akwai kuma magina da suka ƙware a gini marar katako, inda ake rufe ɗaki da baka ko ƙubba ta tubalin laka ba tare da an sare ko azara ɗaya ba. Sai dai laka tana da haƙƙinta: harsashi na dutse, wanda ƙasar Adar ba ta rasa shi ba, da indararo mai tsawo, da yaɓe kafin kowace damina, sannan kada a kuskura a gina ta a kan hanyar ruwa, domin irin waɗannan gidaje ne ambaliya ke fara kwantarwa.

Fankar sama tana cin wajen wat 60 zuwa 75, kilim kuwa, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana cin wat 1,000 ko fiye. Tsakaninsu akwai na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa, wadda ke cin wuta kaɗan kuma ta dace da busasshen zafinmu na Maris zuwa Mayu, ko da yake amfaninta yana raguwa idan damina ta kawo laima. Mai kilim ya tsayar da shi a digiri 26 ya haɗa da fanka, ya toshe ƙasan ƙofa, ya riƙa wanke ragar tace ƙura, musamman bayan hunturu. Idan kilim ko firigo ya fara yoyon iskar sanyinsa a gyara da wuri, domin wasu daga cikin waɗannan iskoki sun fi kabon ƙarfin ɗumama duniya sau dubu ko fiye, abin da ya sa aka amince a Kigali a shekarar 2016 a rage amfani da su. Ampul na LED yana ba da haske daidai da tsohon ampul mai zare da kashi ɗaya cikin biyar na wutar. Tsohon firigo na gwanjo yana da arha ranar saye, amma kowane wata sai an sake biyan kuɗinsa a takardar wuta; a gwada robar ƙofarsa da takarda, idan aka rufe ƙofa a kanta ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta mutu. Ruwan sha kuwa randa ta ishe shi, tumatir da ganye ma suna yin kwanaki a cikin tukunyar ƙasa da aka sa a cikin wata babba, aka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, dabarar da malami Mohammed Bah Abba ya yaɗa a arewacin Najeriya har ta kai shi ga samun kyautar Rolex.

Amfani da hasken rana ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun da Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana da aka kafa a 1965. Mai son sa pano, wato allon da ke mayar da hasken rana wutar lantarki, ya fara da lissafin buƙatarsa, kada ya fara da tambayar farashi. Ampul huɗu masu wat 9 na awa biyar, fanka mai wat 60 na awa takwas, talabijin mai wat 50 na awa huɗu, da cajin wayoyi, duka sun kama wajen wat-awa 900 a yini, kuma pano mai wat 300 zai iya ɗaukar wannan a ranar Tawa. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi kimanin digiri 15, a tabbatar inuwar reshe ko ta bango ba ta faɗa masa ba, a goge ƙurarsa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Batir mai dalma ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, kuma idan ya mutu a mayar wa masu sayarwa, kada a bar yara su fasa shi, domin dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Batun abin hawa gajere ne. A duba iskar taya, a wanke ko a canja matatar iska da ƙura ke toshewa, a kashe inji idan an tsaya gaisawa, a haɗa saƙonni a fita sau ɗaya, maƙwabta kuma su haɗa yaransu a tafiya ɗaya zuwa lekol. Inda ƙafa ko keke za su kai, a bar moto ta huta.

Abinci da shara

Ba zan ce wa mutanen Adar su bar nama ba, domin yawancin gidaje ba sa samun ko abin da jikin yara ke buƙata. Abin dubawa shi ne yadda shinkafar waje, wadda aka noma a cikin ruwa mai fitar da mitan a Asiya, aka ɗauko ta a jirgin ruwa, aka sake jawo ta a manyan motoci daga bakin teku, take ture gero da dawa da wake daga tukunyarmu, alhali su a ƙasarmu suke fitowa da ruwan sama kaɗai. Abincin da aka dafa aka zubar ya fi wannan muni, tun da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta danganta kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari na hayaƙin duniya da abincin da ba a ci ba. A auna girkin azumi da na biki, abin da ya rage a miƙa wa mabukata tun yana da zafi, tumatir da kuɓewa da albasa kuma a shanya su lokacin da suka yi arha.

Shara a raba ta gida biyu. Ɓawo, ganye, toka da kashin dabbobi a zuba su a rami mai zurfin gwiwa, ana yayyafa ruwa ana juyawa duk bayan mako biyu don iska ta shiga, domin tarin da ya cushe babu iska shi ne ke fitar da mitan. Cikin wata biyu zuwa uku zai zama taki. Leda kuwa kada a ƙona ta, hayaƙinta guba ne. Tun shekarar 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin ledojin nan marasa ruɓewa da sayar da su, amma abin da ya fi saurin aiki shi ne a tafi kasuwa da kwando ko jaka, a tafi wurin mai fura da kwano.

Itatuwan gida da na gona

Jihar Tawa tana da abin nunawa a wannan fage. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya a shekarar 1975 sun tare iska daga gonaki, aikin Keita da ya fara a 1984 ya farfaɗo da tuddan da suka mutu, manoman Ilela da Badagishiri kuma sun mayar da faƙo gona ta hanyar tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙawa domin tare ruwan sama. Kowace ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a faɗin ƙasa, amma dashe ba shi ne aikin ba, renon shekara biyun farko shi ne aikin. A cikin gida a haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita a gefen yamma, nesa da harsashin bango da ramin masai, a cakuɗa ƙasar da taki, a dasa bayan damina ta kankama, a kewaye shi da ƙaya ko tubali saboda awaki, a kuma karkata ruwan alwala da na ɗauraye kwanoni zuwa gindinsa. Zogale yana saurin ba da ganye, dogon yaro yana ba da inuwa, magarya da aduwa kuma suna jure ƙishi.

Mai gona yana da hanyar da ta fi dashe sauƙi da tabbas, wato sassabin zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga yankin Maradi a cikin shekarun 1980 har ya mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5. Kututturen sabara, kalgo ko gawo da ake sarewa kowace shekara lokacin sharar gona yana da saiwa mai rai a ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, a zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a bari, a yanke sauran da kaifin adda daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, a datse ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawo, a ɗaura ƙyalle a jiki domin mai wucewa ya san akwai mai shi. A koma duk bayan ƴan watanni a cire sabon tohon da ba a so, wanda shi ma makamashi ne da abincin dabbobi. Gawo ya fi kowanne cancantar a bar shi, domin yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙasar da ke gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. A shekarar 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara wannan aiki, ta kuma amince wa manomi da cin moriyar itatuwan da ya rena a gonarsa. Ya kamata wanda zai fara ya sanar da ma'aikatan gandun daji na yankinsa, ya kuma zauna da maigari da maƙwabtan gona da makiyayan da ke ratsawa bayan girbi, a yi yarjejeniya a kan abin da za a iya sassabewa domin dabbobi da abin da ba za a taɓa ba, tun kafin rani ya shigo.